Amanar Abin da Aka Tsare: Ƙatuwar Ƙumbar Teku da Iyakar Kiwo

Daga cikin tambayoyin da wannan zamani ya ɗora wa masu nazarin addini, waɗanda magabata ba su gamu da su a irin wannan siffa ba, akwai tambayar ko ɗan Adam ya sauke nauyin da ke wuyansa game da wata halitta idan ya iya rayar da ita a hannunsa, cikin tanki ko keji ko gona, alhali mazaunin da aka halicce ta a cikinsa yana lalacewa ko ma ya riga ya lalace. Tambayar ta shafi Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna kai tsaye, domin kiwon tarwada a tankunan siminti da na tamfol ya zama sana'ar da ake gani a bayan gidaje da yawa, a daidai lokacin da dattawan ƙauyuka ke kukan cewa rafukan da suka ciyar da iyayensu ba sa ba da kifi kamar da. Sai dai halittar da ta fi fito da tambayar fili tana zaune ne nesa da duwatsun Kagoro, a ruwan gishiri mai ɗumi na tekun Indiya da na Pasifik, kuma tarihinta na shekaru sittin da suka wuce ya tattara kwaɗayi da ɓarna da ilimi da yunƙurin gyara a wuri ɗaya, ta yadda duk mai son fahimtar haƙƙin abin kiwo zai amfana da nazarinsa.

Halittar ita ce ƙatuwar ƙumbar teku, wadda masana ke kira Tridacna, 'yar'uwar ƙumbar nan mai ɓawo biyu da ake tsinta a yashin koguna, sai dai girmanta ya wuce duk abin da mai zuwa rafi ya saba gani. Babbar cikin danginta, wato Tridacna gigas, tana iya wuce mita ɗaya a tsawo, nauyinta ya haura kilo 200, kuma ana ƙiyasta cewa takan kai shekara ɗari a raye; wadda aka samo a gaɓar tsibirin Sumatra a 1817 tsawon ɓawonta ya kai santimita 137. Ƙananan danginta suna nan har a Bahar Maliya, a ruwan da ke tsakanin Fot Sudan da Jidda, wanda alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna ratsawa a zamanin tafiyar ƙafa. Mazauninta shi ne tudun murjani, wato tarin duwatsun farar ƙasa da wasu ƙananan halittu ke ginawa sannu a hankali a ruwa marar zurfi, wanda ke zama mafakar dubban nau'o'in kifi da sauran halittun teku. An daɗe ana yaɗa labarin cewa tana cafke ƙafar mai nutso ta riƙe shi har ya halaka, amma masu bincike ba su tabbatar da ko mutum ɗaya da ya mutu ta haka ba, domin a hankali take rufe ɓawonta, manyan cikinsu ma ba sa iya rufe shi ruf.

Abin da ya fi jan hankali a rayuwarta shi ne cewa ita kanta makiyayiya ce. A cikin shimfiɗaɗɗen naman da take bazawa a bakin ɓawonta, mai launin shuɗi da kore da ruwan zinariya, akwai miliyoyin ƙwayoyin wata irin gansakuka da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a cikin siraran bututu da suka taso daga tumbinta suka ratsa naman ko'ina. Gansakukar tana sarrafa hasken rana ta mai da shi abinci, ta miƙa wa ƙumbar kaso mai yawa, ita kuma ƙumbar ta ba ta mafaka da takin da jikinta ke fitarwa, ta kuma wuni a buɗe tana shanya ta a rana. A cikin naman akwai wasu ƙwayoyi masu ƙyalli da aikinsu shi ne rarraba hasken ya isa ga gansakukar da ke can ciki, kuma su ne tushen launin da ke ɗauke hankalin masu sha'awarta. Ba a haifar ƙumbar da wannan abokiyar zama. Ita ce ke haɗiyo ta daga ruwa a kwanakin farko na rayuwarta, kuma idan ruwan ya yi zafi fiye da ƙima zaman yakan warware, gansakukar ta ragu, naman ya koɗe ya yi fari, ƙumbar ta rame, sau da yawa ta mutu. Wannan shi ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a cikakkiyar siffarsa, kuma daga gare shi ake iya ciro ma'aunin farko na kiwo na gaskiya, wato cewa wanda aka riƙe yana samun abin da ba zai samu ba in da an bar shi shi kaɗai, kuma rayuwar mai riƙon tana ɗaure da lafiyar wanda ya riƙe.

Yanayin haihuwarta ma yana da muhimmanci ga tambayar da ake bi. Da zarar ta zauna a wuri ta girma ba ta sake tashi, saboda haka ba ta iya zuwa neman abokin haihuwa. Takan fara balaga a matsayin namiji, daga baya ta haɗa siffofin namiji da mace, kuma idan lokaci ya yi sai ta fesa maniyyi a ruwa, bayan ɗan lokaci ta biyo da ƙwai, wanda a babbar ƙumba kan kai miliyan 500 a zubi ɗaya. Abin da ɗaya ta fesa shi ke zaburar da maƙwabtanta su ma su fesa, ƙwan wannan ya haɗu da maniyyin waccan a cikin ruwan da ke tafiya. Ma'anar wannan ita ce idan aka kwashe yawancinsu daga wani tudu aka bar ɗaiɗaiku a warwatse, waɗanda suka saura za su iya ƙara shekaru masu yawa a raye, cikin ƙoshin lafiya da kyawun launi, amma zuriyarsu ta riga ta yanke tun ranar da aka raba su da maƙwabta. Mai kallo zai ga halitta a raye ya ɗauka komai lafiya, alhali al'ummarta ta mutu tuni, saura lokaci ya bayyana mutuwar.

Haka kuwa aka yi a wurare da dama. Mazauna tsibirai sun shafe dubban shekaru suna cin namanta suna yin gatari da akushi da ɓawonta ba tare da sun ƙarar da ita ba, amma daga shekarun 1960 zuwa na 1980 jiragen ruwa, akasari daga Taiwan, suka riƙa bin tudun murjani na Pasifik suna yanke tsokar da ke haɗa ɓawon biyu, wadda ke da tsada a kasuwannin Asiya, suna barin sauran naman ya ruɓe. Yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973, Najeriya kuma na cikin ƙasashen farko da suka shige ta, ta sanya manyan nau'o'i biyu a ƙarƙashin sa-ido a 1983, ta haɗa da duk dangin a 1985. Bayan nama sai kasuwar ɓawo ta taso, musamman a garin Tanmen na tsibirin Hainan a ƙasar Sin, inda ake sassaƙa shi a madadin hauren giwa, kuma masu haƙarsa suka riƙa amfani da farfelar jirgi suna farfasa tudun murjani don tono ɓawon da ya nutse a ciki. Hukumomin Hainan sun haramta cinikin daga farkon 2017, amma a watan Afrilun 2021 jami'an Filifin sun kama kimanin tan 200 na ɓawon a lardin Palawan, kuma a watan Oktoban 2024 ƙungiyar duniya mai lissafa halittun da ke cikin haɗari ta mayar da Tridacna gigas sahun waɗanda ke dab da ƙarewa, bisa ƙiyasin cewa yawanta ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙarni ɗaya.

Ya kamata masu addini su lura cewa ibada ba ta tsira daga wannan ciniki ba. A majami'ar San Sulfis da ke birnin Faris akwai manyan ɓawo biyu da ake zuba ruwan albarka a ciki, waɗanda Jamhuriyar Benis ta ba sarkin Faransa Faransuwa na ɗaya kyauta a ƙarni na 16, kuma a al'adar mabiya Budda ta ƙasar Sin ana lissafa wannan ɓawo cikin taskoki bakwai masu daraja, ana kuma fere 'ya'yan carbi da shi. Girmama halitta a wurin ibada bai hana a ƙarar da ita a mazauninta ba, wani lokaci ma girmamawar ce ke ƙara mata farashi.

Kada kuma a ɗauka cewa abin da ke faruwa a tudun murjani bai taɓa taɓa wannan yanki ba. Kuɗin wurin da kakannin mutanen kudancin Kaduna suka yi ado da shi, suka biya sadaki da haraji da shi, ɓawon wani ƙaramin dodon koɗi ne na teku, wanda mutanen tsibiran Maldib suka daɗe suna tarawa ta hanyar jefa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, halittun su hau, a ja ganyen waje a shanya. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya isa Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500, kuma a daidai wannan zamani 'yan kasuwar Hambog suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, wanda ya cika kasuwanni har darajarsa ta faɗi, kafin Turawan mulkin mallaka su hana shigo da shi a 1904. A ƙarni na 19 da wannan ɓawo ake yanke farashin mutanen da aka kamo daga ƙauyukan wannan yanki aka kai kasuwannin bayi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa nisan teku bai taɓa zama katanga tsakaninta da rayuwar mutanen tudu ba.

Martanin masana ga raguwar ƙumbar shi ne kiwo. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 wata cibiyar bincike a ƙasar Palau, da Jami'ar James Cook ta Ostareliya, da wata cibiya kusa da Honiara a tsibiran Solomon, suka gano yadda ake zaburar da ita ta zuba ƙwai a tanki, da yadda ake haɗa 'ya'yan da gansakukarsu, a raine su har su yi ƙwarin da za a kai su keji a teku. Kiwon yana da wata falala da ba a samu a kiwon kifi, domin ƙumbar da ta samu rana da ruwa mai tsabta ba ta buƙatar a saya mata abinci. An yi fatan namanta zai zama abin dogaron ƙauyukan tsibirai, amma jinkirin girmanta ya sa ribar ta fi fitowa daga wata kasuwa dabam, wato ta masu ajiye halittun teku a akwatin gilashi a gidajensu a Amurka da Turai da Japan. Mai irin wannan akwati yakan haɗa ruwan gishiri da kansa, ya kafa fitilu masu ƙarfi a madadin rana, ya riƙa auna zafin ruwan da sinadarin da ƙumbar ke gina ɓawo da shi, kuma da yawa daga cikinsu suna yin haka ne da kulawa da ƙauna da bai kamata a raina ba. Wani kaso na abin da suke saya daga gonakin kiwo yake fitowa, wani kaso kuma har yanzu daga teku ake ɓamɓaro shi.

A nan ne ya kamata a koma ga abin da addinan yankin biyu, Musulunci da Kiristanci, suka tanada. Malaman fiƙihu sun tattauna halaccin tsare dabba tun da daɗewa, kuma ruwayoyi biyu ne suka zama ginshiƙin maganarsu. Ta farko ita ce ta matar da ta cancanci azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Ta biyu ita ce ta ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) kuma bai hana shi ba, har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai da yawa suka fitar da cewa tsare dabba halal ne muddin an ciyar da ita, an shayar da ita, ba a kuma azabtar da ita ba. A ɓangaren Kirista, littafin Farawa ya nuna cewa an sa mutum a gonar Adnin ne domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, littafin Karin Magana kuma ya sanya kula da ran dabba cikin alamomin adali. Idan aka auna mai akwatin gilashi da wannan ma'auni, kuma aka tabbatar ƙumbarsa daga gona ta fito, da wuya a same shi da laifi, haka ma mai tankin tarwada a Kafanchan da ke sauya ruwa a kan kari, ba ya cunkusa kifin, ba ya kuma barinsa da yunwa.

Amma wannan ma'auni na haƙƙin dabba ɗaya ne, kuma littattafan addinan biyu ba su tsaya a nan ba. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta bayyana dabbobin ƙasa da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar na mutane, aya ta 205 ta Suratul Baƙara kuma ta siffanta maɓarnaci da halaka shuka da zuriya, wato abin da ke haifar da na gobe. A sura ta 22 ta Kubawar Shari'a an umarci wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu cewa in zai ɗauki 'ya'yan to ya saki uwar, kuma hikimar da ke bayan wannan a fili take, domin uwar ce za ta sake ƙyanƙyasa. Ra'ayin da wannan rubutu ya karkata gare shi shi ne cewa amanar da aka ɗora wa ɗan Adam tana da hawa biyu, ɗaya a kan dabbar da ke hannunsa, ɗaya kuma a kan al'ummar da dabbar ta fito daga cikinta, kuma sauke na farko ba ya ɗauke na biyu. Al'umma kuwa ba ta tabbata sai da mazauni, domin ƙumbar da ke kan tudun murjani tana tace ruwa, tana ƙara dutse ga tudun da ɓawonta, tana ba ƙananan kifaye da jatanlande mafaka, tana kuma zaburar da maƙwabtanta su haihu, alhali wadda ke cikin gilashi an raba ta da duk waɗannan ayyuka, an bar mata jiki da launi kawai. Halaccin cin abin da ke cikin teku, wanda mazhabar Malikiyya ta faɗaɗa ƙwarai, magana ce a kan abin da ya halatta a ci, kuma ba a taɓa nufin ta zama izinin ƙarar da iri ba.

Mutanen wannan yanki sun san irin wannan asara ta wata fuska. An fara tono gumakan yumɓu na Nok a ƙasar Jaba a 1928 a wajen haƙar kuza, kuma wani kan gunki da aka samu kusa da Jama'a a farkon shekarun 1940, wanda aka kafa a gonar doya don korar tsuntsaye kafin ya isa hannun mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a Jos, shi ya buɗe wa duniya ido a kan wannan tsohuwar wayewa. A shekarun 1990 masu haƙar sata suka tone wurare masu yawa suka fitar da gumakan waje, har wasu suka bayyana a gidan tarihi na Lubur a Faris a 2000. Gumakan da ke cikin gilashi a can ba su fashe ba, ana ma kula da su fiye da yadda ƙasa ta kula da su, amma masanan Jami'ar Farankfot da suka fara aiki a yankin a 2005 sun nuna cewa ilimin yana cikin ramin ne, a gawayin da ake auna shekaru da shi, da kaskon tukwane, da ƙwayoyin gero, da yadda aka jera kayan, kuma duk wannan ya tafi ranar da aka tone ramin da gaggawa. Bambancin shi ne gunki ba ya haihuwa, saboda haka asarar da ke cikin raba mai rai da mazauninsa ta fi wannan girma.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma adalci ne a ba ta haƙƙinta. A shekarun 1980 Tridacna gigas ta kusa ɓacewa daga ruwan Filifin, sai Farfesa Edgardo Gomez da abokan aikinsa na Jami'ar Filifin suka samo iri daga tsibiran Solomon da Ostareliya, suka raine shi a cibiyarsu ta Bolinao, suka rarraba dubbai zuwa wurare masu yawa a ƙasar. Da yake wannan nau'i yana ɗaukar kusan shekara goma kafin ya fara zuba ƙwai, sai a 2017 masu bincike suka wallafa shaidar samun ƙananan ƙumba da aka haifa a teku daga waɗanda aka mayar. Ba don tanki ba da wannan bai yiwu ba, kuma duk wanda ke ƙyamar kiwo gaba ɗaya dole ya amsa wannan. Sai dai darajar aikin Bolinao ta fito ne daga inda ya dosa, wato teku, kamar yadda jirgin Annabi Nuhu, wanda Musulmi da Kirista suka yi tarayya a labarinsa, ya kasance matsuguni na ɗan lokaci da manufarsa ba ta cika ba sai ranar da aka buɗe ƙofa halittun suka sauka. Kuma tanki yana rataye ne a kan zaman lafiyar mutane da kuɗinsu da wutarsu: rikicin da ya ɓarke a tsibiran Solomon a ƙarshen shekarun 1990 ya tilasta barin cibiyar da ke kusa da Honiara, mazauna kudancin Kaduna kuwa ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da tashin hankali ke yi wa gona da garke.

Wani rauni na abin kiwo shi ne ƙarancin tushe. A wurin ƙyanƙyasar tarwada ana yi wa mace allura ta nuna ƙwai, a tatse ta da hannu, a yanka namiji a ciro maniyyinsa domin ba ya tatsuwa, ta yadda dubban 'ya'ya kan fito daga iyaye ƙalilan, su kuma 'ya'yan su zama iyayen na gaba. Wasu masu ƙyanƙyasa suna haɗa tarwada da wani babban danginta da masana ke kira Heterobranchus don samun saurin girma, kuma idan ambaliya ta cika tanki ko kududdufi waɗannan kifaye kan tsere zuwa rafi su cuɗanya da na asali. Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko sun ga ƙarshen irin wannan hali a daminar 2023, lokacin da wata cuta ta cinye kaso mafi yawa na amfanin gonakinsu. Citta daga saiwa ake dasa ta, nau'o'in da aka dogara da su kuma biyu ne kacal, tafin giwa da yatsun biri, saboda haka abin da ya iya kama gona ɗaya yana iya kama dukkansu. Taskar da mai kiwo ke komawa gare ta idan irinsa ya yi rauni ita ce halittar da ke daji ko kogi, wadda yanayi dabam-dabam suka tace ta tsawon dubban shekaru, don haka ko ta fuskar riba kaɗai mai tanki yana da buƙatar rafi. Haka abin yake ga itatuwa, domin gandun tik da malaina na Nimbia yana ba da katako, amma bai maye gurbin kurmin Nindam da ke kusa da Kagoro ba, wanda masana tsuntsaye suka san shi da nau'o'in da aka fi samu a dazuzzukan kudu.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne na zuciya. Mutumin da ke ganin tarwada a kasuwa kullum a farashin da zai iya biya ba shi da dalilin tambayar halin da kogi ke ciki, kuma al'ummar da ta san ana iya ƙyanƙyasar halitta a tanki tana iya jin cewa an riga an yi maganin ƙarewarta. Ta haka nasarar kiwo kan zama uzurin sakaci, har a riƙa zuba maganin ƙwari na gamalin a rafi da rani don kwashe kifi, maganin ya kashe babba da ƙarami da ƙwai da kwaɗi da ƙumbar yashi, ya kuma gurɓata ruwan da ƙauyen ƙasa ke sha, ba tare da wani ya ji an taɓa masa abu ba.

Abin da ke tsare mazauni tsohon abu ne a addini da al'ada. A shari'ar Musulunci akwai keɓe fili don maslahar jama'a, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Halifa Umar kuma ya keɓe Rabaza, kuma hurumi da burtali na ƙasar Hausa suna kama da wannan tunani. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada tsawon shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar biki, shi ya sa ake samun manyan kifayen da ake nunawa. Bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairu a asalinsa alama ce ta kammala girbi da buɗe farauta a kan dutse, wanda ke nuna cewa farauta tana da lokacin da ake buɗe ta, kuma kurmin da aka keɓe wa al'ada a ƙauyuka da yawa ya tsare itatuwa da idon ruwa da babu wata doka ta gwamnati da ta tsare su. Da yawancin jama'a suka karɓi Kiristanci ko Musulunci tsoron da ke gadin waɗannan wurare ya ragu, kuma wa'azin sababbin addinan bai yi saurin cike gurbin da dalilansa ba, ko da yake dalilan suna nan a littattafansu. An ga cewa hakan mai yiwuwa ne a tsibirin Misali kusa da Pemba a Tanzaniya, inda daga ƙarshen shekarun 1990 aka bi ta limamai da malaman makarantun allo aka koya wa masunta ma'anar halifanci da amana, lamarin da ya taimaka wajen rage jefa nakiya a tudun murjani. Majalisar malaman Indonesiya ta ba da fatawar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 2014, Fafaroma Faransis kuma ya ambaci lalacewar tudun murjani a wasiƙarsa kan muhalli a 2015.

Kudancin Kaduna bai rasa waɗanda za su iya irin wannan aiki ba, domin akwai tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, da makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro, da dayosis ɗin Katolika na Kafanchan da aka kafa a 1995, da Masarautar Jama'a da masarautun Kagoro da Fantswam da Kaninkon da Moro'a, waɗanda maganarsu ke da nauyi a bakin rafi fiye da takardar ofis. Matakin da ya fi kusa shi ne keɓe wasu sassa na Kogum da Gurara da rafukan da ke ƙasan gangaren ruwan Matsirga a hana kamun kifi a cikinsu a farkon damina, tare da hana guba a kowane lokaci. Farkon damina ne tarwada ke barin zurfi da dare ta hau ciyawar da sabon ruwa ya rufe don zuba ƙwai, kuma a wannan lokaci ne ta fi sauƙin kamuwa, har da adda da hannu ana kashe ta, cikinta cike da ƙwai. Masu ƙyanƙyasa, waɗanda za su buƙaci sabon iri daga waɗannan ruwaye nan gaba, su ne suka fi cancanta su fara kai wannan buƙata gaban hakimai da dagatai.